Ranar da Na Manta Cewa Mabusa Suna Numfashi

Ba zan taɓa mantawa da wani yammacin Lahadi a unguwar Ras Al Khor ta Dubai ba, ko da kuwa ina so in manta, don yaran sitonmu sun ɗauki alkawarin tuna mini. Har yau in aka sayo shayin karak, mai madara da citta, nawa kofin ne kaɗai ke zuwa da tsinken shan lemo a ciki. Ina cirewa in sha abina, don ni na jawo.

Bari in fara daga farko. Ni dai karatuna bai yi nisa ba. Da kyar na gama sakandare, daga nan na faɗa wani situdiyo a Kano na koyi fiyano. Wanda ya san aikin situdiyo ya san yadda abin yake: mutum ɗaya ne a ɗaki, amma ya danna nan a ji goge, ya danna can a ji kalangu, ya ƙara dannawa a ji sarewa. Ba mai gajiya, ba mai neman ruwa. Na yi shekaru a haka har kasuwar ta ja baya, sai mahaifiyata ta kira ƙanenta, Kawu Sabi'u, wanda ke harkar kago a Dubai. 'Yan kasuwa su sayo takalma da jakunkuna a kasuwar Naif, su kawo sitonsa, mu auna, mu ɗaure, mu loda a kwantena. Kawu ya yarda ya ɗauke ni bisa sharaɗi guda.

"Ɗan Yaya," in ji shi (haka yake kirana, don mahaifiyata yayarsa ce), "kiɗan nan ka bar shi a filin jirgin Kano. In ka koma ka ɗauki abinka."

Na ce to. Kuma na yi niyyar cikawa, Allah ya sani. Sai dai siton da ke jikin namu wasu mutane suka kama haya, ba don ajiye kaya ba, don yin gwajin kiɗa duk ranar Lahadi. Ƙungiyar makaɗa ce irin ta Turawa, wadda ake kira okestira: masu goge manya da ƙanana, masu sarewa, masu ƙahonnin tagulla, mai ganguna a baya. Ba sana'arsu ba ce. Likitoci ne da malaman makaranta da injiniyoyi daga ƙasashe daban-daban, kowa ya baro aikinsa ya zo. Jagoransu wani dattijo ne ɗan Siriya, Ustaz Nabil, malamin kiɗa, mai furfura da siririyar sanda.

Da farko a bakin ƙofa nake tsayawa, wai ina shan iska (iska a Ras Al Khor, da rani). Wata rana suna hutu na lallaɓa na zauna a kan fiyanonsu, na maimaita abin da na ji suna kaɗawa, da kunne kawai. Ustaz ya zo ya tsaya a kaina.

"Habibi, a ina ka koya?"

A nan na yi kuskuren farko. Maimakon in ce a situdiyo, sai na ce ai a Kano ni ke tsara wa manyan makaɗa kiɗa. Ba ƙarya ce tsantsa ba, amma in an tace ta gaskiyar da za ta rage ba ta cika cokali ba. Ya ji daɗi. Ya riƙa zama da ni bayan gwaji yana nuna mini yadda ake karanta takardar kiɗa, ni kuma ina da manhaja a kwamfutata wadda in na kaɗa a fiyano take rubuta alamomin da kanta. Tsakanin kunnena da manhajar nan, sai na yi kama da wanda ya san abin da yake yi.

To, a shekarar suna shirin wasan ƙarshen shekara, kuma Ustaz ya ƙwallafa rai a kan wani dogon kiɗa da wani Bature da ya daɗe da mutuwa ya rubuta don ogan. Ga wanda bai san ogan ba: wani ƙaton abin kiɗa ne da ake ginawa a jikin bango, da bututu jere-jere, wasu sun fi mutum tsawo nesa. Inji ke hura masa iska. Mai kaɗawa yana aiki da hannu biyu da ƙafa biyu, kuma muddin ya danne wuri, sautin ba ya yankewa har sai ya ɗaga. Zauren da za su yi wasan ba shi da ogan. Don haka aikin shi ne a ɗauki abin da mutum ɗaya ke yi da yatsu da ƙafafu, a rarraba wa ƙungiya: wannan layin masu goge, wancan masu sarewa, rugugin ƙasa kuma masu manyan ƙahonni.

Ustaz ya yi mafi yawan aikin, saura kashin ƙarshe, sai aka sa masa ranar aikin ido. Ya kira ni ya miƙa mini takardun.

"Kai za ka ƙarasa. Abu biyu kawai. Ka kawo mini in duba kafin ka buga wa mutane. Sannan ka tuna da numfashi."

Na ce, "Khalas, Ustaz, an gama." Maganar numfashin ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Na ɗauka irin maganar malaman kiɗa ce, kamar yadda suke cewa kiɗa yana da rai.

Ba a jima ba Kawu ya kama ni a ofis da rana tsaka, abin ji a kunne, ina kaɗa kai, ga direba a waje yana jiran takardar fitar da kaya. Ya zare abin daga kunnena da kansa.

"Me muka yi da kai?"

Na ce, "Kawu, wannan ba irin na Kano ba ne. Likitoci ne fa. Ni nake tsara musu abin da za su kaɗa."

"Kai?"

"Ni, Kawu."

"Likitoci su bar asibiti su zo su bi abin da ka rubuta? Kai da lambar kwantena ma sai ka rubuta ta sau biyu?"

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce zai zo da kansa ranar da za a gwada aikin nawa. In ya ga abin mutunci ne, na ci gaba da Lahadina. In ya ga shirme ne, ko ƙofar siton nan na sake leƙawa, shi da kansa zai saya mini tikitin Kano. Kawu ba ya faɗin abin da ba zai yi ba, kuma ni ba ni da fuskar da zan koma wa mahaifiyata da ita.

Sai na duƙufa. Kuma in faɗi gaskiya, wasu wuraren na yi abin kirki. Matsalar tana wajen ƙarshe. A can mai ogan yana danne sauti ɗaya a sama, ya riƙe shi, sauran yatsu da ƙafafu suna ta kai-kawo a ƙarƙashinsa, fiye da shafi guda bai saki ba. Wannan sautin shi ne kyan wurin gaba ɗaya. Wa zan ba? Nan take na tuna da obo. Obo wata baƙar sarewa ce mai siririn baki, kuma tun ranar da na fara ganinta na ce wannan ai algaita ce ta yi karatun boko. A unguwarmu akwai Malam Ɗanjuma mai algaita. In ana biki ya kumbura kumatu ya fara busa, sautin ba ya tsinkewa, mu yara mu kewaye shi muna jira mu ga inda zai tsaya ya yi numfashi, har mu gaji mu watse. Na taso da wannan a kaina: mabusi ba ya tsayawa. Ban taɓa tambayar yadda yake yi ba, ban kuma taɓa tunanin shekarun da ya kashe kafin ya iya ba.

Na rubuta wa obo dogon sautin daga farko har ƙarshe, babu ko kafar allura. Na danna kwamfuta ta kaɗa mini. Ya yi daɗi har sai da tsigar jikina ta tashi. (Kwamfuta ba ta da huhu. Wannan ma sai daga baya na yi tunaninsa.)

Ban kai wa Ustaz ya duba ba. Na gaya wa kaina wai tausayin idonsa nake ji. Ainihin dalilin shi ne ba na so ranar da Kawu zai zo a ce an gyara mini ko ɗigo. Na buga takardun a injin ofishinmu, na raba wa kowa tasa.

Ranar Lahadi bayan la'asar Kawu ya iso cikin farar shadda, babbar riga da 'yar ciki, sai ƙamshin turare yake. Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da amininsa Alhaji Mudi, wani ɗan kasuwar takalma daga Kano, mutumin da in ya ga abin dariya a Naif da safe, kafin azahar an ji a Kantin Kwari. Ustaz, da baƙin tabarau saboda idon, ya tarbe su da girmamawa, ya sa aka ajiye musu kujeru a gaba, aka kawo musu karak. Ya nuna ni ya ce wa ƙungiya yau aikin ɗan'uwanmu za mu ji. Aka ɗan tafa. Na saci kallon Kawu, na ga ya gyara zama.

"Yalla, mu fara," in ji Ustaz, ya ɗaga sanda.

Farkon ya tafi lafiya. Masu goge suka shiga, ƙahonni suka amsa, siton ya cika da sauti har kwanon rufi yana rawa. Alhaji Mudi ya sunkuya ya ce wa Kawu, "Kai, yaron nan ashe da gaske yake." Na ji shi sarai. Na harɗe hannu a ƙirji.

Sai aka iso wurin.

Mai busa obo wata 'yar Filifin ce, Madam Luz, ma'aikaciyar jinya, 'yar ƙaramar mace mai yawan fara'a wadda kullum take raba wa mutane alewa. Ta ja numfashi ta kama sautin, ya fito siriri, tsaf, kamar zare. Ta riƙe. Ta riƙe. Fuskarta ta fara sauya launi. Na ga idonta yana gudu a kan takarda yana neman inda abin zai ƙare, ta kai ƙarshen shafi, na kusa da ita ya juya mata, ta ga har yanzu da saura. Jijiyar wuyanta ta miƙe. Sautin ya fara karkarwa, ya yi wani ƙara kamar an taka ɗan tsako, ya mutu. Ta sauke obo tana haki.

Ustaz ya ƙwanƙwasa sanda. "Daga baya kaɗan. Shwaiya shwaiya, a hankali."

Aka sake. Wannan karon ta fi nisa, don mace ce mai zuciya, amma da ta saki sai da ta dafa kujera, wani likita daga cikin masu goge ya ajiye gogensa ya nufo ta. Ustaz ya karɓi takardarta ya kai ta dab da idonsa mai lafiya. Ya juya shafi. Ya juyo ya dube ni.

"Habibi, a ina za ta yi numfashi?"

Ga inda ya kamata in ce na yi kuskure. Kalma uku ce, da an gyara an wuce, Kawu ma da bai gane komai ba. Amma ina jin idon Kawu a ƙeyata, ina jin na Alhaji Mudi. Sai na ji bakina yana cewa, da Turancina na sito, ai wannan ba matsala ba ce. A ƙasarmu masu busa irin wannan ba sa tsayawa. Suna tara iska a kumatu, su riƙa turawa, suna shaƙar wata ta hanci a lokaci guda. Har na ƙara da cewa na yi mamaki da ba a koya musu ba.

Madam Luz ba ta yi fushi ba, abin da ya fi kashe ni ke nan. Idonta ma haske ya yi.

"Na san da wannan!" in ji ta. "Malamina a gida ya iya. Na yi ta ƙoƙari ban samu ba. Kai ka iya?"

Na ce, "A unguwarmu kowane yaro ya iya."

"To nuna mini, don Allah. Da kofin ruwa ake koya, ko? A sa tsinke a yi ta hurawa, kada kumfa ta tsaya."

Kafin in samo hanyar zillewa ta zaro sabon tsinken shan lemo daga jakarta. Aka shiga neman kofin ruwa. Alhaji Mudi bai san me ake ciki ba, amma ya ga ana neman kofi, ya miƙo nasa.

"Ga nawa, ya huce. Me za a yi?"

Na ce, "Wani ɗan gwaji ne, Alhaji."

"A'a, to matso nan mu gani da kyau."

Haka na tsaya a gaban Kawu, kofin karak a hannu, tsinke a baki, mutum wajen hamsin suna kallo da kayan kiɗa a cinya. A raina na ce abin da Malam Ɗanjuma ya yi da tsufansa ai ba zai gagare ni ba. Na kumbura kumatu na fara hurawa. Kumfa ta taso, gur-gur-gur. Madam Luz ta matso tana kallon wuyana kamar mai duba majiyyaci. Iskar ta fara ƙarewa. Na ce to, yanzu sai a shaƙa ta hanci. Na ba hanci umarni. Baki ne ya karɓa.

Na zuƙe rabin kofin nan gaba ɗaya, kuma bai bi hanyar ciki ba. Wani ya tafi maƙogwaro, wani ya haura hanci, da citta da komai. Na yi ƙoƙarin riƙewa, don ko a lokacin ina tunanin mutunci. Tarin da ya biyo baya bai nemi izinina ba. Karak ya fito ta baki, ya fito ta hanci, ya sauka a gaban farar shaddar Kawu tun daga wuya har aljihu. Abin da ya rage ya samu takardar da ke hannun Ustaz.

Na durƙusa ina tari, hawaye na zuba. Madam Luz, wadda na kusa sumar da ita, ita ce ke bubbuga mini baya tana cewa in yi numfashi a hankali.

Kawu bai tashi ba. Ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya ce da Hausa, a natse, "Wannan yaron ranar sunan ƙanwarsa aka ba shi balan-balan ya hura, sai da aka yi masa fifita."

Alhaji Mudi ya kwanta a kujera don dariya. Ustaz ya tambaye shi me Kawu ya ce, shi kuwa ya tashi tsaye ya fassara da Larabcinsa na kasuwa, har da kwaikwayon fifitar. Larabawan ciki suka fara dariya, suka fassara wa na kusa da su, dariyar ta bi layi-layi har ta kai ga mai ganguna a baya, shi kuma ya buga ganga sau ɗaya, dum.

Da na samu murya na ce, "Ustaz, ban iya ba. Ban taɓa busa komai ba. Kuma ban kawo maka ka duba ba da gangan."

"Na lura," in ji shi, yana share takarda da hankici. Ya ciro fensir. Bai cire dogon sautin ba, ya ce zaɓin obo daidai ne, wurin yana son wannan muryar. Sai ya yanka shi gida-gida. Madam Luz ta fara, kafin iskarta ta ƙare mai obo na biyu ya shigo a hankali a kan sautin ya karɓa, ita ta saki ta huta, sannan wani mai sarewa ya karɓi na biyun, ta dawo ta karɓe. Aka gwada. Wallahi in ka rufe ido ba za ka ce ba mutum ɗaya ba ne. Sautin ya miƙe har ƙarshe bai tsinke ba, kuma ba wanda aka yi wa fifita.

Da aka tashi na je na ba Madam Luz haƙuri. Ta ba ni alewa ta ce, "Gaba ka bar mini wurin numfashi. Gobe ina da aikin safe."

A mota ni ke tuƙi, Kawu a gefe da taswirar karak a ƙirji, Alhaji Mudi a baya yana ta danna waya (na san inda labarin yake tafiya). Ni dai ina lissafin abin da zan gaya wa mahaifiyata a filin jirgi.

Can Kawu ya ce, "Dattijon nan, kullum haka yake gyara maka?"

"In na kai masa, Kawu."

"To daga yau za ka riƙa kai masa." Ya sake duban rigarsa. "Da na zo na tarar ka iya, da na hana ka, don kanka zai fashe ne kawai. Amma na ga ba ka iya ba, kuma na ga akwai mai koya maka. Ka ci gaba da zuwa. Ka zauna a baya. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ba a mutuwa."

Na ce, "Na gode, Kawu."

"Rigar kuma kai za ka wanke. Da hannu."

Na wanke. Tabon bai fita duka ba, kuma Kawu bai yar da rigar ba. Yakan sa ta musamman ranar da ya ga na fara ɗaga kafaɗa a sito.

An yi wasan ƙarshen shekara lafiya, da gyaran Ustaz. Har yanzu ina zuwa ranar Lahadi, ina zama a baya, kuma yakan ba ni ƙananan wurare in rarraba. Abin da na koya ba shi da yawa, amma ina riƙe da shi. Duk sautin da zan rubuta wa mai busa, sai na ja numfashi na riƙe tare da shi tukuna. Inda na ji ina neman mutuwa, nan nake sa alamar hutu. Madam Luz ta ce yanzu hutun ya yi mata yawa, wai ko tsohuwa mai asma za ta iya busa abin da nake rubutawa. Na ce ta yi haƙuri, da huhuna nake awo.